Yadda ake renon tsirran bisa a gida, daga Ngaundare zuwa Garwa da Marwa

Ranar da na fara ɗaure wani tsiro a jikin mangwaron tsakar gidanmu a Garwa, Inna ta fito daga madafa ta tsaya a kaina. Ta ce, "Kai ɗan nan, kauci za ka dasa mana da hannunka, a bishiyar da mahaifinku ya shuka?" Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inna, wannan aron wurin zama kawai zai yi, ba ya shan ruwan itace." Ba ta gamsu ba a ranar, kuma tana da gaskiyarta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan, abin da ya sani yana tsirowa a kan reshe shi ne kauci. Tsuntsu ke kawo irinsa mai danƙo ya manna a reshe, shi kuma ya soka saiwarsa cikin naman itacen yana zuƙe ruwansa, har reshen ya kumbura ya bushe.

Waɗanda nake kira tsirran bisa ɓawon itace kaɗai suke riƙewa. Ruwansu na sama ne da raɓa, abincinsu kuwa ƙura da ruɓaɓɓen ganye da kashin tsuntsaye da ke taruwa a gindinsu. Ko a busasshen gungume ka ɗaure su za su rayu. Wajen kashi 10 cikin 100 na tsirrai masu saiwa da ganye a duniya haka suke zaune, akasarinsu a dazuzzuka masu laima irin na kudancin Kamaru.

Iska ce gonarsu, mu kuwa iskarmu busasshiya ce fiye da rabin shekara. Saboda haka aikin duka yana kan shirya wa tsiron wuri tun kafin ya iso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: auna garinka

Ngaundare tana kan tudu, wajen mita 1,100 sama da teku, ruwan samanta kusan milimita 1,500 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, darenta da sanyi. Mutumin can zai iya renon kusan duk abin da zan ambata. Garwa tana samun wajen milimita 1,000, amma a Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40. Marwa wajen 800 ne, Injamena kuwa ba ta ma kai haka ba, daminarsu kuma gajeriya. Da hunturu laimar iska da rana kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali yawancin tsirran nan sun fi son 50 zuwa 70. Wannan tazarar ce za ka cike da inuwa da ruwa da dabara, kuma gwargwadon nisanka zuwa arewa, gwargwadon aikinka.

Mataki na biyu: zaɓi tsiron da zai jure

Ina ba kowa shawara ya fara da na ƙasarmu. Na farko shi ne murucin bisa, wanda wasu ke kira manta-uwa, masana kuma Ansellia africana. Dangin orkide ne, kamar yadda masu sayar da furanni ke faɗa. Karansa kauri ne, gaɓa-gaɓa kamar ƙaramar rake, a ciki yake ajiye ruwan da zai ci rani da shi. Furensa rawaya ne da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa kamar fatar damisa, kuma yakan fito da rani. Abin da ya fi burge ni a jikinsa saiwoyi ne iri biyu: masu kauri da ke kama itace, da sirara farare da ke miƙewa sama tsaye kamar tsintsiya, suna tare ganyen da ke faɗowa har ya ruɓe ya zama takinsa. Kwandonsa ke nan da ya saƙa wa kansa. Sunan Ansellia daga John Ansell ne, mai kula da shuke-shuke da ya same shi a tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Biyoko, a teku daura da gaɓar Kamaru, a 1841. A daji yana son jikin giginya da manyan itatuwan bakin rafi, yana jure haske da fari fiye da yawancin danginsa.

Na biyu dafaddu, wato Platycerium. Ba ya fure, ganyensa ne adonsa. Ganye iri biyu yake yi: wani ya lulluɓe jikin itacen kamar garkuwa, wani ya zubo ƙasa. Akwai namu na Afirka mai faɗin ganye kamar kunnen giwa, akwai mai rassa kamar ƙaho. Ya fi murucin bisa son inuwa da laima. A Ngaundare abu ne mai sauƙi, a Garwa sai da kulawa.

Na uku tilansiya, baƙuwa daga nahiyar Amurka, tun daga kudancin ƙasar Amurka da Meziko har Ajantina. 'Yar'uwar abarba ce, tana da iri fiye da 600. Saiwarta ta riƙo ce kawai, da ganye take shan ruwa, ta wasu ƙananan ɓawo-ɓawo masu launin toka da suka rufe shi. In za ka saya, nemi mai kaurin ganye wadda ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, ita ce ta ƙasa mai fari. Mai koren ganye sumul ta dajin ruwa ce, hunturunmu zai cinye ta.

Akwai kuma orkiden kanti mai faffaɗan ganye da fure kamar malam-buɗe-littafi, Phalaenopsis, 'yar kudu maso gabashin Asiya. Ita ce ke ɗauke ido, ita ce kuma ta fi saurin mutuwa a wajenmu, don ba ta da karan ajiyar ruwa kuma zafin da ya haura digiri 35 yana galabaitar da ita. Ita na fara saya, na taho da ita daga Yawunde a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga can a mota, cikin watan Maris. Na sa ta a tukunya da jar ƙasa da takin shanu kamar tumatir. Cikin sati uku saiwarta ta ruɓe, ganyenta ya yi laushi, ta tafi. Kuskure uku ne a haɗe: iri, da lokaci, da ƙasa. Mutumin Garwa da Marwa ya bar ta sai hannunsa ya faɗa.

Maganar inda za a samo su tana da nauyi a wurina. Ka nemi reshe daga wanda ya riga yake reno, ko wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titunan Yawunde da Duwala, ka kuma tambaye su ko rabon lambu ne. Kada ka ɓamɓaro daga daji. Murucin bisa yana cikin jerin tsirran da ake fargabar raguwarsu saboda masu tsinka da masu sare itatuwa, kuma gandun daji irin na Binuwai da Faro da Buba Njidda doka ta hana cire komai daga cikinsu. Duk dangin orkide suna ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, wato CITES ta 1973, wadda ta sa ba a ƙetare iyakar ƙasa da su sai da takarda. Mai zirga-zirga tsakanin Kusiri da Injamena ya san da wannan. Inda na ga babu laifi shi ne itacen gona da iska ta kayar ko mai shi ya sare, a ceto abin da ke jikinsa da izininsa kafin a faskare.

Mataki na uku: gyara wurin

Nan ne zan daɗe, don nan ne ake ci ko a faɗi.

Nemi inda ranar safe ke taɓawa zuwa wajen ƙarfe tara, daga nan inuwa ta rufe. Ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya ya yi, ko rumfar zana a gabashin ɗaki. Gwajin haske mai sauƙi ne: da tsakar rana miƙa tafin hannunka kamar taƙi ɗaya sama da inda tsiron zai zauna. In inuwar hannun ta fito baƙa ƙirin da kaifin gefe, hasken ya yi yawa. In ta fito dishi-dishi amma kana gane yatsu, daidai ne ga murucin bisa da tilansiya. In da ƙyar ake ganinta, wurin dafaddu ne.

Ka lura rana ba ta bin hanya ɗaya duk shekara. A wajenmu daga kusan Afrilu zuwa ƙarshen Agusta takan ɗan karkata arewa da tsakar rana, sauran watanni ta koma kudu. Kusurwar da ke da inuwa da damina tana iya zama kasko a Janairu. Haka kuma itacen da ke zubar da ganye da rani, kamar kuka, zai bar tsironka a fili daidai lokacin da ya fi bukatar sutura. Rumfar kwano kuwa ka guje ta, sai in an shimfiɗa mata zana ko kaba a ƙarƙashi, don zafin da ke saukowa daga kwano gasa ganye yake yi ko babu rana.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Kafa zana ko asabari a wannan ɓangaren, ka bar sauran a buɗe. Kada ka toshe ko'ina, tsiron bisa yana son iska mai motsi, busasshiyar guguwa ce kawai ba ya so.

Sai laima. Zuba yashi da tsakuwa a ƙasan wurin yadda za su riƙe ruwa in an yayyafa. Ajiye randa ɗaya ko biyu cike da ruwa, a rufe bakinsu saboda sauro. Zufar da randa ke yi ta jikinta, wadda ke sanyaya ruwan sha, ita ce ke jiƙa iskar kewayenta. Tara shukokinka na tukunya a ƙarƙashi, kowanne yana fitar da tururinsa, su taimaki juna. Da bazara rataya buhun algarara jiƙaƙƙe ta inda iska ke shigowa. Ni nawa suna kusa da inda muke alwala, ƙasan wurin ba ya bushewa.

Ka kuma rataye komai inda bakin akuya ba ya kaiwa ko ta miƙe tsaye.

Mataki na huɗu: haɗa kaya

Gungumen itace busasshe mai kaushin ɓawo, tsawon kamu ɗaya. Je wajen masu itacen girki ka zaɓi ƙirya, ko marke, ko maɗaci. Ƙirya ta fi, gara ba ta samun ta da sauƙi kuma takan yi shekaru. Kada ka ɗauki katakon da aka yi wa fenti ko aka shafa wa baƙin mai don gara, guba ne ga saiwa. Itacen turare ma a'a, ɓawonsa yana saɓulewa ya tafi da saiwar.

Sai gawayi manya-manya kamar ƙwan kaza, a wanke ƙurarsa. Tsingaron tukunya. Ɓawon kwakwa, a jiƙa shi kwana uku ana canza ruwan kullum don gishirin jikinsa ya fita. In babu shi, soson wanka na gargajiya yana tsayawa a madadinsa, sai dai yana saurin ruɓewa. Abin ɗauri kuwa, yanka tsohuwar safa ko tsohon gidan sauro da aka wanke sosai siri-siri, suna miƙewa ba sa yanka tsiro. Kada wayar tagulla, irin ta cikin wayar lantarki, ta taɓa tilansiya, tagulla kashe ta take yi. Sai sabuwar reza ko wuƙa da za ka gasa a wuta kafin kowane yanka.

Ga hukuncina bayan gwaji: ɗauri a gungume tsirara na Ngaundare ne. A Garwa da Marwa da Cadi gungume yana bushewa cikin awa ɗaya, don haka kwando ko tukunya mai huji ta fi. Ka je wajen mai ginin tukwane ka ce, "Iya, ki gina mini ƙaramar tukunya, ki huda jikinta ko'ina kamar gwagwa kafin ki gasa." Ta san gwagwa, za ta gane nan take.

Mataki na biyar: ɗauri

Yi shi da faɗuwar damina, lokacin da sababbin saiwoyi ke leƙowa: Afrilu a Ngaundare, ƙarshen Mayu zuwa Yuni a Garwa, Yuli a Marwa da Injamena. Sayen tsiron ma a daidaita shi da wannan lokaci.

Murucin bisa: jiƙa saiwar minti 15 ta yi laushi. Matsa kowace da yatsa, mai tauri tana da rai, wadda ta zama fanko ko ta yi baƙi ka yanke, ka barbaɗa garin gawayi ko kirfa a bakin yankan kawai. Jera tsingaro a gindin tukunya, ɗora tsiron, cike kewayensa da gawayi kashi biyu, ɓawon kwakwa kashi ɗaya. Gindin karan, inda sabon toho ke fita, ya zauna a sama, kada a binne shi. In a jikin itace ne, shimfiɗa ɓawon kwakwa kaurin yatsa, ɗora tsiron sabon tohonsa na fuskantar itacen, ka ɗaure. A bishiya mai rai, zaɓi gefen gabas ko inda reshe ya rabu. Gindin tsofaffin ganyen dabino da giginya ma mazauni ne mai kyau.

Ɗaurin ya yi tamau. Girgiza shi da hannu, in ya motsa, ƙara. Kan sabuwar saiwa kore ne mai taushi, in iska tana goga shi da itace sai ya mutu ya daina tsawo. Bayan damina ɗaya, in ka ga saiwoyi sun manne, kwance ɗaurin, musamman a bishiya mai rai don kada ya shaƙe reshen.

Dafaddu: dunƙule ɓawon kwakwa kamar malmalar tuwo a kan allon katako, ɗora gindinsa, idon da ganye ke fita yana kallon sama, ka zagaya da ɗauri a kan garkuwar ba tare da ka bi ta kan idon ba. Garkuwar za ta bushe ta koma ruwan ƙasa. Mutane da yawa sai su ɓare ta suna zaton ta mutu, alhali ita ce rumbun ruwansa da takinsa, sabuwa kuma a kanta take hawa. Garin da ke fitowa ruwan ƙasa a bayan ganye irinsa ne, farin gashin da ke jikin ganyen kuma shi ke rage masa bushewa, kada a goge ko ɗaya.

Tilansiya ba ta bukatar komai a ƙarƙashinta. Rataye ta da zare, ko ka ɗora a reshe a ɗan karkace don kada ruwa ya kwanta a tsakiyarta.

Mataki na shida: ban ruwa

Ruwan sama ya fi kowane. Tara shi a durom da damina, ka bar na farko da ke wanke rufi ya zube. In na rijiya ko burtsatse za ka yi amfani da shi, duba butar da kuke dafa shayi: in farin ɓawo yana taruwa a gindinta, ruwan yana da gishirin ƙasa da yawa, zai ƙone kan saiwa ya toshe ganyen tilansiya, sai ka gauraya shi da na sama. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe. Ruwan da ya yi zafi a tiyo ko baƙar tanki kada ya taɓa su, ka ɗiba daga randa.

Saiwar orkide tana faɗa maka halinta. Tana da farar riga mai kama da soso, in ta sha ruwa takan yi kore-kore ko ta yi duhu, in ta bushe ta koma fari. Ƙa'idar ita ce a jiƙa sharkaf, a bari ta bushe, sannan a sake. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum ba ya kai ruwa ciki, jiƙa marar yankewa kuma ruɓarwa take yi. Dafaddu kuwa ɗaga allon, nauyinsa zai gaya maka.

Da damina sau da yawa ba ka da aiki, sai dai a Agusta in ruwa ya yi kwanaki yana zuba ka janye tilansiya ƙarƙashin rufi. Da kaka, bayan kwana biyu ko uku. Da hunturu murucin bisa yana hutawa, kuma rage masa ruwa yana taimaka masa ya yi fure, amma a ƙasarmu ragewa ake yi, ba a yankewa: sau ɗaya ko biyu a sati, kana duban karan, in ya fara tamoji da yawa ka ƙara. Ka riƙa wanke ƙurar ganye kowane sati. Da bazara kullum ne da sassafe bayan asuba, da la'asar kuma a yayyafa wa ƙasa da buhu.

Tilansiya nutsar da ita ake yi a kwano minti 20 zuwa 30, sau biyu a sati da rani, har uku da bazara. Ciro ta, kifa ta, kakkaɓe, ajiye a iska ta bushe cikin awa huɗu. Da safe ake yi, don da dare take buɗe ƙofofin ganyenta ta shaƙi iska, in ta kwana a jiƙe ka toshe mata numfashi.

Taki da ƙwari

Takin zamani na masara ko auduga kada ƙwayarsa ta taɓa saiwa. Nemi mai narkewa a ruwa, irin wanda aka rubuta 20-20-20 a jikin ledarsa, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita 10, bayan sati biyu, lokacin toho kawai, kuma sai ka fara jiƙa saiwar da ruwa zalla. Sau ɗaya a wata kwarara ruwa mai yawa ya wanke gishirin da ya taru. Tilansiya rabin wannan ya ishe ta, sau ɗaya a wata.

Farin ƙwaro mai kama da auduga yana ɓuya a hammatar ganye, tururuwa kuma su ke kiwonsa, in ka ga suna hawa da sauka bi sawunsu. Goge shi da auduga da alkol na kantin magani, ko ka fesa ruwan sabulu marar ƙarfi da yamma ka ɗauraye da safe. Gungume kada ya taɓa ƙasa ko bangon laka saboda gara. Tabo fari ko baƙi a saman ganye ƙunar rana ce, matsar da shi. Gindi mai laushi da wari ruwa ne ya yi yawa: yanke har inda ke da lafiya, barbaɗa gawayi, bar shi kwana biyar babu ruwa.

Rabawa

Murucin bisa da aka raba yakan yi shekara biyu ko uku kafin ya yi fure, a shekarar farko saiwa kawai yake yi. In ya cika tukunya, raba shi da faɗuwar damina, kowane kashi da kara uku ko huɗu aƙalla, don tsofaffin karan su ke ciyar da sabon toho. Tilansiya sau ɗaya take fure a rayuwarta, sai ta fitar da 'ya'ya a gindi, a bar su sai sun kai sulusi ko rabin girman uwar kafin a cire. Ɗan dafaddu a jira garkuwarsa ta kai faɗin tafin hannu, a yanko shi da ɗan abin da yake manne a kai.

Murucin bisan da na ɗaure a jikin mangwaronmu ya yi furensa na farko a rani na uku. Inna ce ta fara gani da ta fito shara, ta ƙwala mini kira. Bana da na raba shi, ita ta ce a kai wa Gwaggo kashi ɗaya a Gidar, ta kuma sa na haɗa mata da gawayi da tukunyar gwagwa, na rubuta mata ranakun ban ruwa a takarda.